Yoyon Ruwa a Kan Motar A-kori-kura

Yoyon ruwa a kan a-kori-kura shi ne taruwar ruwa a daben da direba da fasinja ke ajiye ƙafa, galibi a ƙarƙashin kafet. Abin da ke wahalar da masu gyara shi ne, inda ruwan ya kwanta ba nan ne ya shigo ba. Yakan bi wayoyi ko haɗin ƙarfe ya gangaro daga sama.

Matakin farko shi ne gane irin ruwan. Idan yana da launi da santsi da ɗan ƙamshi mai zaƙi, kuma ruwan lagireto yana raguwa, to daga hita yake, wadda ke bayan dashbod. Idan tsabtatacce ne, a gefen fasinja, kuma ba ya bayyana sai an kunna na'urar sanyaya mota, to bututun da ke fitar da raɓarta ƙarƙashin mota ne ya toshe. Wanda ke zuwa bayan ruwan sama ko wanki kuwa, daga waje yake.

Babbar hanyar ruwan waje ita ce kwarmin da ke gindin gilashin gaba, ƙarƙashin waifa. Yana da magudanai hagu da dama, kuma a nan ne motar ke shaƙar iskar da take hurawa ciki. Ganye da ƙura sukan cushe magudanan, ruwa ya cika ya malala ciki ta mashigar iskar. A ƙasashen da ake hunturu mai ƙura, motoci irin su Toyota Hilux sukan tara wannan datti a rani, ba a sani ba sai ruwan farko ya sauka. Ban da wannan kwarmi akwai gam ɗin gilashi, musamman wanda aka canza ba da kyau ba, da robar ƙofa da rana ta busar, da ledar cikin ƙofa da akan yage wajen sa sifika, da robobin da wayoyi ke ratsawa daga wurin inji.

A Amurka, tun 1994 doka ta wajabta fitilar birki ta uku ga irin waɗannan motoci. A saman gilashin baya take, kuma idan soson da ke tare ruwa a gindinta ya mutu, ruwa yakan jiƙa rufin ciki ya sauka bayan kujera. An san Ford F-150 da Ram da wannan.

Gwaji na mutum biyu ne. Ɗaya ya ɗage kafet ya zauna ciki da tocila, ɗaya ya riƙa zuba ruwa da mesa a hankali, daga ƙasa zuwa sama, yana daɗewa a kowane wuri. Wanda ya fara daga rufi ya jiƙa ko'ina, ba zai gane komai ba. Ana gwada robar ƙofa da takarda: a rufe ƙofa a kanta, in ta zare babu turjiya, robar ta saki.

Gyaran yana bin dalilin: a share magudanai, a sake roba, a cire gilashi a sake manna shi, a yanke wurin da tsatsa ta ci a yi walda. Lafta silikon daga waje, wanda mutane suka fi yi, ba ya daɗewa, kuma mai warin tsami yana jawo tsatsa.

Busarwa ce aka fi yi wa sakaci. Soson ƙarƙashin kafet yana riƙe ruwa makonni ko da sama ya bushe, ga wayoyi a kwance a wurin. Dole a fito da shi a shanya, a bar daben ya bushe sarai kafin a mayar.