"Mai jiran gado" a ajin masu nauyi: wa ake nufi?

Kwanakin nan da wuya ka saurari sharhin damben UFC, kamfanin Amurka mai shirya faɗan keji da ya haɗa naushi, shuri da kokawa, ba ka ji an kira wani ƙato da "mai jiran gado" ba. Yaro ya shigo ajin masu nauyi, ya sumar da mutum uku a jere, tun gumi bai bushe masa ba masu sharhi sun naɗa shi. Kowa ya san abin da ake son faɗa, wato ga wanda zai ɗauki kambu nan gaba. Abin da ke ba ni haushi shi ne an cusa abubuwa uku daban-daban cikin laƙabi guda, mai magana kuma ba ya faɗa maka wanne yake nufi.

Akwai wanda ke saman jerin gwanaye goma sha biyar da ake fitarwa, jerin da ra'ayin mutane ke tsarawa. Akwai wanda kamfanin UFC ya zaɓa ya ba shi karawar kambu ta gaba, wannan kuwa sau da yawa lissafin kasuwa ne: Brock Lesnar ya samu tasa damar a 2008 alhali karawa uku kacal ya taɓa yi a wannan wasa, ɗaya ma ya sha kashi. Sai na uku, wanda in an rufe shi a keji da zakara na tsawon minti 25 zai iya fitowa da kambun. Na ukun shi ne abin tambaya, shi ne kuma wanda aka fi yi wa hukuncin gaggawa.

Ajin masu nauyi yana da yaudara irin tasa. Mutanen da ke cikinsa nauyinsu kan kai kilo 120, safar hannun da suke sawa kuma ƙarama ce, don haka kusan kowa a cikinsu na iya sumar da kowa. A ƙananan aji, in ka ga mutum yana gama abokan karawa a turmin farko, ka ga abin da ba kasafai ake gani ba. A nan kuwa ƙarfin naushi jarin kowa ne. Derrick Lewis ya fi kowa yawan sumar da mutane a tarihin UFC, sau biyu aka ba shi damar kambu, da Daniel Cormier a 2018 da Ciryl Gane a 2021, duka biyun ya koma hannu rabbana. Sergei Pavlovich ya gama da mutum shida a jere, kowanne a turmin farko, har ana cewa babu mai tsaya masa. A Nuwamban 2023 Tom Aspinall ya kwantar da shi cikin daƙiƙa 69, bayan nan Alexander Volkov ya ja shi turmi uku ya cinye shi da maki.

Amma babu inda ruɗanin ya fito fili kamar a labarin Francis Ngannou, ɗan Kamaru, domin mutum ɗaya ne aka kira da suna ɗaya sau biyu, sau ɗaya ƙarya, sau ɗaya gaskiya.

A Disamban 2017 ya yi wa Alistair Overeem naushin ƙasan haɓa wanda har yau ana maimaita hotonsa. Daga wannan dare duniya ta gama yanke hukunci. Bayan mako bakwai aka haɗa shi da zakara Stipe Miocic a Boston, masu caca ma Ngannou suka fi ba wa nasara. Ngannou ya fito a turmin farko yana ta kai duka da dukkan ƙarfinsa, Miocic na gocewa. Kafin a kammala turmi na biyu numfashi ya ƙare. Miocic ya yi ta ɗaga shi yana kayarwa, ya danne shi a jikin keji, alƙalai uku duka suka rubuta 50 da 44. Karawarsa ta gaba da Lewis a Yulin 2018 ta fi wannan muni, mutum biyu masu hannun ƙarfe suna zagaya juna kowa na tsoron kowa, ya sake faɗuwa da maki. Shin ƙarfin ne ya gudu? Yana nan daram. Abin da ba a taɓa tambayarsa ba ne aka tambaye shi: me za ka yi in naushin bai samu ba, me za ka yi in bayanka ya taɓa ƙasa?

Abin dariyar shi ne, da ya dawo ya ci mutum huɗu a jere, Curtis Blaydes cikin daƙiƙa 45, Cain Velasquez cikin 26, Junior dos Santos cikin 71, Jairzinho Rozenstruik cikin 20, babu ɗaya daga cikin waɗannan nasarori da ta amsa tambayar. Ka haɗa su duka ba su kai minti 3 ba. Mai kallon sakamako kawai ba shi da hanyar bambance Ngannou na 2020 da na 2017. Canjin ya faru ne inda kyamara ba ta zuwa, a wurin atisaye a Las Vegas, inda ya duƙufa kan kokawa. Sai a Maris ɗin 2021 aka gani: Miocic ya kai masa kamu a ƙafa kamar yadda ya yi a baya, Ngannou ya ƙi faɗuwa, ya zagaya bayansa yana duka, ya yi haƙuri bai ɓarnatar da ƙarfi ba, ya gama da shi a farkon turmi na biyu, ya ɗauki kambun. A Janairun 2022 kuma, da gwiwa mai rauni, Gane ya fi shi a tsaye a farkon karawar, shi kuwa ya koma kokawa ya kwashe turmi uku na ƙarshe. A ganina wannan daren ne ya tabbatar da shi, ba daren Overeem ba.

Saboda haka in aka nuna mini sabon ƙato, ba na tambayar mutum nawa ya sumar. Ina tambayar ko an taɓa ganinsa a minti na goma sha ɗaya, da yadda hannuwansa suke a lokacin. Ina tambayar ko ɗan kokawa na gaske ya taɓa kama ƙugunsa. Gane ya isa misali: ƙafarsa da saurinsa ba su da na biyu a ajin, amma Jon Jones ya kai shi ƙasa ya shaƙe shi cikin minti 2 da 'yan daƙiƙu a Maris ɗin 2023. Sannan su wa ya ci? Ajin ba shi da yalwar gwanaye, kana iya hawa sama sosai a kan tsofaffin da suna kawai ya rage musu. Shekaru kuwa ba na damuwa da su sosai a nan, Cormier yana da 39 ya ɗauki kambun, Randy Couture yana da 43.

In ma za a bi laƙabin yadda yake, mai jiran gado ba ƙwace yake yi ba, jira yake a bar masa. Mutum ɗaya ne hakan ta faru da shi a 'yan shekarun nan. Aspinall ya riƙe kambun riƙon ƙwarya tun daga Nuwamban 2023, har ya kare shi a Manchesta a Yulin 2024, abin da ba a saba gani ba, yana ta kiran Jones, wanda ke riƙe da ainihin kambun tun da ya ci Gane, Jones bai amsa ba. A Yunin 2025 Jones ya ce ya yi ritaya, aka miƙa wa Aspinall kambun ba tare da ya jefa naushi ko ɗaya ba. Ni ina ganin ya fi kowa cika a ajin, yana da sauri, yana da kokawa, ya iya shaƙa. Amma tambayar da ta kayar da Ngannou a Boston shi ma ba a yi masa ita ba, domin har zuwa lokacin da ya zama zakara bai taɓa shiga turmi na uku a UFC ba. Karawar da aka sa ran za ta gwada shi, da Gane a Abu Dhabi a Oktoban 2025, an tsayar da ita tun a turmin farko bayan yatsun Gane sun shiga idanunsa, aka tashi babu wanda ya ci.