Gashin sankarar harshe ga masu wankin ƙoda

Gashin sankarar harshe hanya ce ta ƙone ƙwayoyin daji da haske mai ƙarfi da ake auna shi daidai wurin ciwon. Sankarar ta fi fitowa a gefen harshe, kamar gyambon da ya ƙi warkewa, kuma taba da giya na cikin manyan dalilanta. Galibi tiyata ake fara yi, gashi ya biyo baya: girai 2 (girai shi ne ma'aunin yawan hasken) kowace rana, kwana 5 a mako, har a kai girai 60 zuwa 66 cikin kusan mako 6.

Hasken ba ya bi ta ƙoda, don haka ba a saba rage shi don mutum yana wankin ƙoda ba. Maganin da ake haɗa shi da shi ne abin dubawa. Sisfilatin, maganin sankara da ake haɗawa da gashi, ta ƙoda yake fita, sai likitoci su rage shi, su daidaita shi da ranar wanki, ko su bar gashin shi kaɗai. Mofin, maganin rage zafin ciwo, shi ma yana taruwa a jikin mai ciwon ƙoda.

Wahalar ta gaske a baki take. Daga mako na 2 ko na 3 bakin yakan kwaile, yawu ya ƙafe, haɗiya ta zama azaba. Wani majinyacin sai a ce ya yawaita shan ruwa. Mai wankin ƙoda kuwa ruwansa a ƙayyade yake. Duk wanda ya san zafin Afrilu a Maraɗi ya san nauyin wannan. Kurkure baki a tofar, da tsotsar ɗan guntun ƙanƙara, suna rage ƙishi. Kunu mai laushi yana wucewa, amma ana lissafa shi cikin ruwan yini, nono kuma yana ƙara fosforas, sinadarin da ke taruwa a jini in ƙoda ba ta aiki. Ƙarancin jini, wanda ya zama ruwan dare ga masu wankin ƙoda, yana rage tasirin gashin. Haƙoran da suka lalace ana cire su tun kafin a fara, don kare ƙashin muƙamuƙi.

A Nijar, sashen gashi yana Cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa a Yamai, an buɗe shi a 2021. Majinyaci daga Maraɗi zai yi tafiyar fiye da kilomita 600, kuma dole a tanadar masa gurbin wanki sau 3 a mako a can kafin ya taso. Tsallake wanki haɗari ne ga rai, tsallake ranakun gashi kuma yana ba dajin damar sake tsiro.