Waiwaye: Yadda ruwan noman Nguru ya sauya hali

Garin Nguru da ke arewa maso yammacin Jihar Yobe yana cikin yankin da damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, kuma ruwan da ke sauka a shekara yakan tsaya ne tsakanin milimita 400 zuwa 600. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyos, har ƙasa ta gagari tafin ƙafa da tsakar rana, sannan hunturu ya zo da ƙura da sanyin asuba. Da ruwan saman garin kaɗai aka dogara, da abin da za a noma bai wuce gero da wake da riɗi a kan jigawa ba. Abin da ya bambanta Nguru da sauran garuruwan da ke bakin Sahel shi ne ruwan da ke sauka a ƙasar Kano da tsaunukan Jos, wanda kogin Haɗejiya da na Jama'are ke kwasowa su baza a fadamu kafin su haɗe kusa da Gashuwa su nufi Tafkin Chadi.

A da, wannan ambaliya tana da lokacinta, kuma kowa ya san rabonsa a cikinta. Manomi yakan shuka shinkafa da ruwan farko, ta tasa tare da ruwan kogi da ke isowa a Agusta, masunta su shiga da komarsu, idan ruwa ya janye a shuka wake da dawa a kan laimar da ya bari, daga ƙarshe Fulani su sauko da shanu su ci ciyawar rani. Wannan albarka ce ta riƙe garin tun yana mazaunin Galadiman Borno, ita ce kuma ta sa Turawan mulkin mallaka suka ja layin dogo daga Kano har Nguru a 1930 domin kwasar gyaɗa da fatu da dabbobi.

Al'amura sun fara juyawa ne a farkon shekarun 1970, lokacin da abubuwa biyu suka zo a tare. Farin da ya addabi Sahel daga 1972 zuwa 1974 ya rage ruwan sama, kuma a 1974 ɗin aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano domin noman rani a Kadawa da Kura da kuma shayar da birnin Kano. Fari ya sake dawowa da ƙarfi a 1983 da 1984, sannan a 1992 aka ƙara madatsar Challawa. Filin da ambaliya ke rufewa, wanda ya haura murabba'in kilomita 2,000 a ƙarshen shekarun 1960, ya koma ƙasa da rabin haka a yawancin shekarun 1980. An daɗe ana muhawara a kan wanda ya fi laifi tsakanin fari da madatsun, amma ga manomin da shinkafarsa ta bushe tana jiran kogi, wannan muhawara ba ta ƙara masa ko tiya ɗaya ba. Mutane da yawa sun koma ga ƙananan injinan ban ruwa, musamman bayan hana shigo da alkama a 1987 ya sa nomanta ya yi daraja, aka kuma faɗaɗa noman albasa da tattasai da tumatir a bakin ruwa.

Matsalar da ta biyo baya ta fi ta farko wuyar sha'ani, domin ba ta ƙarancin ruwa ba ce. Tun da madatsun suna sakin ruwa har da rani, hanyoyin ruwan da a da suke bushewa ƙayau na tsawon watanni sun daina bushewa, wannan kuwa shi ne abin da ciyawar kacala take so. Kacala takan fi mutum tsawo, saiwarta tana saƙewa a ƙarƙashin ruwa tana tare laka, kuma idan aka yanke ta a sama ba ta jimawa take sake tofowa. Sannu a hankali ta toshe tsohon kogin Haɗejiya da rafin Burum Gana, sai mafi yawan ruwa ya karkata zuwa rafin Marma wanda ke zubawa a tafkin Nguru. Sakamakon haka ƙauyukan da ke gefen Marma suka rasa gonaki saboda ruwan da ya zauna ya ƙi tafiya, har yana cin hanyar motar Haɗejiya zuwa Nguru, alhali waɗanda ke kan rafukan da suka toshe suna kukan ƙishirwa. Kamar wannan bai isa ba, dajin kacala ya zama makwancin tsuntsayen jan baki, waɗanda kan tashi gari guda su sauka a gonar gero ko shinkafa, shi ya sa da kaka za ka ga yara a kan dandamali tun asuba suna kaɗa gwangwanaye da aka ɗaura a igiya.

Ba a zauna haka nan ba. A 1987 aka fara shirin kiyaye dausayin Haɗejiya da Nguru, a 2000 aka sanya tafkin Nguru da rafin Marma cikin dausayoyin duniya da yarjejeniyar Ramsar, wato ta ƙasa da ƙasa kan kare dausayi, ta amince da muhimmancinsu, kuma a 2006 jihohi shida da ke cin moriyar waɗannan koguna suka haɗu a Damaturu suka kafa asusun kula da su. Sai dai a ganina aikin da ya fi tasiri a ƙasa shi ne na gayya, inda mazauna ƙauyuka ke shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda suna buɗe hanya, aikin da dole a maimaita shi kowace shekara. A 'yan shekarun nan damina ta ɗan farfaɗo idan aka kwatanta da ta shekarun 1980, amma tana zuwa ne da ruwa mai ƙarfi a ɗan lokaci, kuma a 2022 ambaliya ta cinye gonaki masu yawa a Jigawa da Yobe, ciki har da na shinkafar da ta kusa isa yanka.