Idan Allurar Ƙarshe Ta Daina Aiki: Abin Da Masu Jinya Ya Kamata Su Sani

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a babban asibiti a Legas, mai yiwuwa an taɓa rubuta masa meropenem ya sayo. Allura ce mai tsada da ake yi ta jijiya. Ita da imipenem da ertapenem 'yan gida ɗaya ne, ana kiran su kabapenem, kuma likita ba ya ɗauko su sai ciwo ya yi tsanani ko sauran magunguna sun gaza. To yanzu akwai ƙwayoyin bakteriya da ko wannan allurar ba ta karya su.

Ƙwayar cutar tana ɗauke da wata ƙwayar gado da ke sa ta fitar da sinadari mai farfasa maganin tun bai taɓa ta ba. A takardar gwaji za a ga sunayen waɗannan sinadarai a taƙaice: KPC da aka fara ganowa a Amurka a 1996, OXA-48 da ta ɓulla a Turkiyya a 2001, sai NDM da aka samu a 2008 a jikin wani majinyaci da ya kwanta asibiti a Indiya. An gano NDM da dangin OXA-48 a Najeriya. Babbar matsalar ita ce wannan gado ba sai ta haihuwa yake wucewa ba. Yana zaune ne a kan wani ɗan zobe da ƙwayar cuta ke iya miƙa wa maƙwabciyarta, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Ƙwayar cutar da ake kira Klebsiella za ta iya bai wa wata mai suna E. coli a cikin hanjin mutum guda, kuma zoben kan zo da kariya daga wasu magungunan daban a lokaci ɗaya.

Mutum na iya yin watanni da irin wannan ƙwayar cuta a hanjinsa yana harkokinsa lafiya lau. Ɓarna tana farawa ne idan ta samu ƙofa: robar fitsari, robar ƙarin ruwa, miki bayan tiyata, na'urar taimakon numfashi. Jarirai bakwaini, masu ciwon suga da masu wankin ƙoda su ne a sahun gaba. Idan ta shiga jini, abin da ya rage wa likita kaɗan ne, irin su maganin kolistin, wanda shi kansa yana iya taɓa ƙoda.

Hannu ne motar wannan ƙwayar cuta. Mu Hausawa ba ma wasa da dubiya, kuma abu ne mai kyau, amma a ce mutum goma daga Agege ko Mile 12 sun zagaye gado ɗaya, kowa ya gaisa da majinyaci, ya dafa ƙarfen gadon, sannan ya leƙa na kusa ya yi masa sannu, wannan hanya ce buɗaɗɗiya. A wanke hannu da sabulu da ruwa na daƙiƙa 40 zuwa 60, ko a murza sanitaiza na daƙiƙa 20 zuwa 30 har ta bushe, kafin taɓa majinyaci da bayan taɓa shi, musamman bayan zubar da fo ko sauya kunzugu. Ɗauraye hannu da ruwan buta kawai bai wadatar ba. Jakar fitsari ta kasance ƙasa da mara kullum, kada ta taɓa ƙasa, kada kuma a ɗora ta a kan gado, domin fitsarin zai koma ciki. Babu laifi mai jinya ya tambayi nas kowace safiya ko har yanzu ana buƙatar robar, don kowace rana da ta ƙara, haɗarin ƙaruwa yake.

Gwajin da ke nuna wane magani ne zai yi aiki yakan ɗauki kwana 2 zuwa 3, kuma ya fi kyau a ɗebi jini, fitsari ko mugunya kafin a fara allura. Mutane da yawa kan ƙi biyan kuɗin gwajin don su tattala na magani, sai su ƙare da sayen allurar da ƙwayar ba ta jin ta. Meropenem kuma galibi duk bayan awa 8 ake yin ta. Idan kuɗi ya yanke aka tsallake ta dare, ƙarfin maganin a jini ya faɗi, masu taurin kai su farfaɗo. In aljihu ba zai kai ba, a faɗa wa likita tun ranar farko.

Tushen abin kuwa yana kemis da teburin mai tallan magani. Kafso biyu don mura, uku don "taifot" da ba a gwada ba, duk suna kashe ƙwayoyin hanji masu rauni su bar wa masu bijirewa fili. Mura ta bairos ce, maganin bakteriya ba ya taɓa ta.

Wanda ya kwanta a wani asibiti cikin shekarar da ta wuce, a nan gida ne ko Indiya ko Masar, ya faɗa tun a wurin karɓar kati. In an taɓa ba shi sakamako mai ɗauke da NDM, KPC ko OXA-48, ya zo da takardar, domin za ta iya sa a ware masa gado a kuma sauya maganin da za a fara da shi.