Gyaɗa ta faɗa wa yaro hanyar numfashi: me ya sa sai an sa shi barci?

Ba za a iya ciro abin yaron yana farke ba?

A'a. Ana zura wani bututun ƙarfe mai haske ta baki zuwa maƙogwaro, likita ya bi ta cikinsa da siririn hantsaki ya kamo gyaɗar. Ɗan shekara biyu ba zai kwanta shiru ba, kuma zabura ɗaya na iya yaga hanyar iskar. A 1897, da likitan Jamus Gustav Killian ya ciro ƙashi daga hanyar huhun wani manomi, maganin kashe zafi kawai ya shafa masa. Amma wancan babba ne mai jin magana.

To ina wahalar take?

Hanya ɗaya ce, mutum biyu ke rabonta. Inda likitan tiyata ke aiki, nan ne likitan sa barci ke tura wa yaro iskar oksijin. Shi ya sa galibi ake kwantar da yaron sannu a hankali da iskar barci ta abin rufe hanci da baki, a bar shi yana numfashi da kansa, don kada a hura iska da ƙarfi ta ƙara cusa gyaɗar ciki. Sai a fesa maganin kashe zafi a maƙoshi saboda tari. Idon likitan sa barci na kan na'urar da aka maƙala a yatsan yaro, mai auna oksijin da ke jininsa. Da zarar lambar oksijin ta fara sauka, zai ce a dakata, kuma kowa dakatawa yake. A ganina, nan ne ran yaro ya fi rataya.

Sai ya yi azumi tukuna?

In numfashinsa da sauƙi, ana jiran awa 6 bayan abinci, awa 4 bayan nonon uwa. In yana shaƙewa, ba jira.

Hoton ƙirji bai nuna komai ba, tarin ma ya lafa. Mu koma gida?

Kada ku koma, don Allah. Gyaɗa ba ta fitowa a hoto kamar allura ko kwabo. Zama take ta jiƙa ta kumbura, man da ke cikinta ya harzuƙa wurin, bayan kwanaki ta fara dagargajewa a bakin hantsaki, aikin mintuna ya koma na awa guda ko fiye. Ku faɗa wa likita ranar da yaron ya ƙware da abin da ke hannunsa a lokacin.