Ma'anar "saiti" a wurin masu injin zarto

Kalmar "saiti" ta cika gidajen rediyo a 'yan kwanakin nan, inda 'yan siyasa suke alkawarin dawo da al'amura kan saiti, suna nufin ba za a sake samun kuskure ko kaɗan ba. Wannan fahimtar ce take damuna, domin a wurin makanikai da kafintoci, waɗanda suke amfani da kalmar kullum, saiti bai taɓa nufin rashin kuskure ba. Abin da yake nufi shi ne an san iyakar kuskuren da aka yarda da shi, an auna, kuma an tsaya a cikinta.

A ɗauki injin zarto mai teburi. Ana so faifan zarton, wanda galibi faɗinsa inci 10 ne, ya tafi daidai da kwarmin da aka yanka a saman teburin. Kafinta mai kula yakan cire wuta tukuna, ya sa alama a haƙori guda, ya auna tazarar da ke tsakaninsa da kwarmin ta gaba, sannan ya juya faifan da hannu ya sake auna wannan haƙorin ta baya. Haƙori guda ake bi saboda faifan kansa ba ya rasa ɗan karkata, kuma wanda ya auna haƙora biyu daban zai ɗora wa teburi laifin da na faifai ne. Idan bambancin awon biyu bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin dubu na inci ba, wato milimita 0.05 zuwa 0.13, kusan kaurin takarda guda, to injin ya hau saiti. Wanda ya nace sai ya ga sifili ɓata yininsa kawai zai yi, tun da katakon da ya yanka yana kumbura da damina ya tsuke da hunturu fiye da wannan adadi nesa ba kusa ba.

Abin da masu aron kalmar suka fi mantawa shi ne kuskure yana da ɓangare. Ƙarfen da ake jingina katako a jikinsa, idan ya ɗan buɗe ta baya da kaurin gashi guda, ba komai, wasu ma da gangan suke barinsa haka. Idan kuwa ya matso ciki da wannan adadin, sai katako ya matse tsakaninsa da faifan da ke juyawa fiye da sau 3,000 a minti, gefen yankan ya ƙone ya yi baƙi, kuma haƙoran baya suna iya ɗaga katakon su jefo shi ƙirjin mai aiki.

Saboda haka duk wanda ya ce mini ya saita wani abu, nakan so in ji da me ya auna, nawa ya bari, kuma ta wane ɓangare ya bar shi.