Kalmomin Turanci na Horo da Ƙwarewa

A harshen Turanci akwai rukunin kalmomi da suka shafi koyo da iya aiki, waɗanda masu koyon harshen kan ɗauka duk abu ɗaya ne. Inda suka rabu shi ne, wasu na nufin abin da ake yi wa mutum, wasu kuma abin da ya zauna a jikinsa.

Training horo ne domin wani aiki takamaimai, kamar tuƙin jirgin sama ko jinya. Daga tsohon Faransanci ta fito, inda take nufin jan abu, kuma ana faɗinta ga dabba, har ga reshen itacen da ake lanƙwasawa. Education ta fi ta faɗi, domin ilimi ne mai gina tunani tun ba a san sana'ar da mutum zai kama ba. Shi ya sa ake cewa an yi wa kare training, ba a cewa an ba shi education.

Skill ita ce ƙwarewar da koyo da yawan yi ke haifarwa. Ta shigo ne daga tsohon harshen mutanen Sikandinebiya, a arewacin Turai, da ma'anar iya rarrabewa, kuma ma'anar ba ta mutu ba, tunda gwani shi ne mai hango bambancin da ɗan koyo ba ya gani. Talent kuwa baiwa ce da ake haihuwar mutum da ita. A Girka ta dā sunan ma'aunin nauyi da kuɗi ne, ma'anar baiwa ta biyo baya ne daga misalin bayin da maigidansu ya damƙa wa irin wannan kuɗi su juya, wanda ke sura ta 25 ta Linjilar Matiyu.

Wajen auna gwaninta ne aka fi zamewa. Competent na nufin mutum ya iya aikin daidai gwargwado, amma a takardar shaidar aiki yabo ne mai rauni, kusan a ce ba yabo ba fallasa. Proficient ta ɗara ta, da ita ma aka raɗa wa babbar jarrabawar Turanci ta Cambridge suna, wadda aka fara a 1913. Expert ce ƙololuwa.

Apprentice ɗan koyo ne da ke ƙarƙashin maigida, yana aiki yana koyo. Dokar Ingila ta 1563 ta yanka masa shekara bakwai kafin ya tsaya da ƙafarsa. Trainee ba ta ɗauke da wannan doguwar yarjejeniya, horonsa na iya ƙarewa cikin makonni kaɗan.